Wa ya koya mana cewa kuɗinmu ba namu ba ne?

Maman_Walida:
Assalamu alaikum ƴan gida. Ina da magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina matan Maraɗi ba rashin sana'a ke damunmu ba. Ku leƙa gidajen Bagalam ko Mokoyo, da wuya ku rasa mai suyar ƙosai, ko mai ƙuli-ƙuli, ko mai ɗinki, ko mai turaren wuta. Abin da ke damunmu shi ne tun muna ƙanana aka cusa mana cewa kuɗin da ya shigo hannun mace na wucewa ne: na kayan ɗaki, na biki, na ƙanne, na rufa wa miji asiri. Ni malamar asibiti ce, ina da albashina, amma in na sayi turmin atamfa don kaina sai in ji kamar na yi sata. In kuwa na ba wani, ko da ba a bar min dala ba, lafiya lau nake barci. To me aka riƙa faɗa muku a kan kuɗi kuna yara? Yana bin ku har yau ko kun rabu da shi?

Rabi_Tela:
Wa alaikumus salam. Yaya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni da talla na buɗe ido. Da safe waina, da la'asar dafaffiyar gyaɗa, da dare kuma a zauna gaban Inna a yi lissafi. In dala biyar ta ɓata, ranar ba ni da kwanciyar hankali. In ciniki ya yi kyau ba wanda zai ce sannu, sai dai a ce an zuba miki a adashi, na kwanoninki ne. Kuɗi suna ratsa hannuna kullum, amma ban taɓa jin an ce "wannan naki ne, yi yadda kike so da shi" ba.

Yanzu ga ni da keke biyu da ƴan koyo. Mace ta zo ɗaukar ɗinkinta ta ce "sai an kwana biyu", bakina ba ya iya cewa a'a. Telan da ke bakin titi, namiji, bai fi ni hannu ba, amma kuɗinsa ya kusa ninka nawa kuma ba a fita da kaya sai an biya. Shi ba a ce masa maras kunya. Ni in na tambayi haƙƙina sai in ji ni ce mai laifi.

Ƴar_Tibiri:
Kuɗin barka da salla! Ku tuna. Yayana ya dawo daga yawon salla ya wuce ya sayi ƙwallo da alewa, ni kuwa "kawo in ajiye miki". Har yau ana ajiye min 😂

Hajiya_Bagalam:
Jikata ka rubuta mini wanga, ku yi haƙuri da tsohuwa. Ɗiyana, kuna magana kamar uwayenku sun zalunce ku. Mi kuke so su yi? Sa'ad da munka tashi, wace macce ta san ƙohwar banki? Kwanonin nan da kuke rainawa su ne bankinmu. Ranar da gida ya rasa hatsi, ko yaro ya kwanta ciwo maigida ba shi gari, kwano guda za ki ɗauka ki ba dillaliya, kahin magariba kuɗɗi sun zo. In aure ya mutu, da kayanki za ki hita, babu mai cewa nashi ne. Uwa da ta tara miki kayan ɗaki ba ado ta yi miki ba, garkuwa ta ba ki.

Kuma ku tambayi manyanku abin da ya hwaru a Janairun 1994, da anka karya darajar sefa da rabi. An kwana an tashi kayan waje sun yi tsada. Wadda ta ƙulle takardun kuɗɗi a bakin zane ta ga ta kanta. Ni awaki gare ni, jajaye irin namu na Maraɗi, da ƴan kunnen zinariya. Ban yi kuka ba. Shi ya sa har gobe ba ni yarda da kuɗɗin da ba su ci ba su sha, ba su haihuwa.

Maman_Walida:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Ba mu ce sun zalunce mu ba, da abin da suka sani suka tsare mu. Amma ku duba kayan ɗakin yanzu. Gado da kujeru da labule da firji, wasu da bashi aka yi su, in kin tashi saidawa ko rabin kuɗin ba za ki gani ba. Garkuwar ta tafi, ganin idon ya rage. Ƴan kai amarya su shiga su ƙirga, su fito su yanke wa yarinya daraja.

Zuwaira_UDDM:
Ina jin daɗin zancen nan. Ba mu kaɗai ba ne fa. A 2013 wasu malamai biyu na jami'ar Kambirij a Ingila, David Whitebread da Sue Bingham, sun fitar da rahoto cewa yawancin ɗabi'un da mutum zai riƙe kuɗi da su sun riga sun fara kafuwa tun yana wajen shekara 7, kuma daga abin da yake gani manya na yi, ba daga wa'azin da ake masa ba. A Amurka kuma akwai Brad Klontz, masanin halayyar ɗan Adam, wanda shi da abokan aikinsa a 2011 suka kasa irin wannan tunani gida huɗu: mai gudun kuɗi yana ganin ƙazanta ne ko bai cancance su ba, mai ganin kuɗi ne maganin komai, mai auna darajarsa da abin da ya mallaka, sai mai tsaro da ɓoyo. In kun lura, Anti Rabi tana cikin na farko, maganar kayan ɗaki kuma na uku ce.

Abin da ya sa namu ya fi tsanani shi ne lokaci. Alƙaluman UNICEF sun ce kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinya ta sauke farantin talla ta shiga ɗakin miji. Yaushe ta zauna ita kaɗai da kuɗinta har ta gane me take so?

Sani_Kabukabu:
Ke ɗalibar jami'a, sai Bature ya faɗa kafin mu yarda? Kakata ta san haka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Zuwaira_UDDM:
Gaskiyarka Malam Sani, kakarka ta riga su. Su dai sun rubuta ne.

ƊanGulbi227:
Ku bar ni in yi magana a madadin maza, tunda kun taru kun mai da kanku abin tausayi. Ni ke biyan haya, ni ke sayen gero da shinkafa, ni ke biyan ruwa da wuta da kuɗin lakwal. Matata tana saida lemun zoɓo da ƙanƙara da firjin da na saya da wutar da nake biya. Ban taɓa sanin nawa take samu ba. Sai a bakin ƙanwata na ji tana zubin adashi uku, har ta sayi tumaki ta kai ƙauyensu. Watan da babur ɗina ya lalace na rasa jika ashirin, tana kallona ta ce Allah ya rufa asiri. Wannan ce wadda aka koya wa cewa kuɗinta ba nata ba ne?

Ƴar_Tibiri:
Malam ƊanGulbi, wannan ma koyarwa ce, ita ce ɗaya fuskar. Daren da za a kai ni, gwaggona ta ja ni gefe ta ce: namiji ba ɗan goyo ba ne, kada ki yarda ya san ƙarshen abin hannunki. Ka san dalili? Ranar da ya sani, kuɗin cefane zai ragu, ya ce ai kina da shi. Ko ya ce ara min, aron da ba a biya. Maƙwabciyarmu ta kwashe adashinta ta ba miji ya ƙara jari, da kasuwa ta buɗe, da me ya saka mata? Amarya. Ba na cewa kai haka kake. Amma matarka ba kai take tsoro ba, labaran da ta taso tana ji take tsoro.

Hadiza_Jibiya:
Maganar ɓoyo ta tuna min farkon 2023, lokacin canjin takardun naira. Mu da ke sarin kaya ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, naira muke riƙewa. Ranar da aka ce tsofaffin takardu za su daina aiki, sai ga kuɗi na fitowa daga cikin matashi da ƙasan tukunya da bayan kwanoni. Maza da yawa ranar suka san matansu. Wasu matan kuma saboda kada a sani, a asirce suka kai wa ƴan canji aka yanke musu yadda aka ga dama. Ɓoyon ma yana da nasa haraji.

Malam_Limanci:
Bismillah. Ina so a raba al'ada da shari'a, don an cakuɗa su a nan. Dukiyar mace tata ce. Sadakinta nata ne, ba na uba ba, ba na kayan ɗaki ba sai da yardarta, ku duba Suratun Nisa'i aya ta 4. Aya ta 32 ta ce maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da rabo daga abin da suka nema. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama a wuyan miji suke ko da matar ta fi shi arziki. Hindu matar Abu Sufyan ta kai ƙarar rowarsa, Annabi (SAW) ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon yadda aka saba. Don haka mijin da ya rage cefane don matarsa na sana'a, haƙƙi ya ci.

Amma ƴan uwa mata, ku ma ku ji. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta tambaya ko za ta iya ba mijinta sadaka, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Taimakon miji falala ne, ba dole ba, ba kuma wauta ba. In rance ne a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi ta sauka. Ba ta ce ban da tsakanin miji da mata ba.

Abu_Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, amma ai a mazhabarmu ta Malikiyya mace ba ta da ikon kyautar da fiye da sulusin dukiyarta sai da izinin miji. Ya ba ku faɗi wannan ba?

Malam_Limanci:
Haka ne, maganar Malikiyya ce, sauran mazhabobin galibi ba su tafi a kai ba. Amma duba da kyau me aka taƙaita. Kyauta ce da sadaka. Saye da sayarwa da tarawa, babu mai hana ta. Ke nan ko a wannan ra'ayin, ba a ce ta miƙa wa miji ba, cewa aka yi kada ta rabar ta zauna hannu wofi. Kusan abin da Maman Walida ke kuka da shi ke nan.

Turaren_Zariya2:
Salam mata, akwai humra da turaren wuta ƴan Ndjamena, sari da sayen ɗaiɗai, ana kaiwa har gida 🌸

Admin_Zaure:
Hajiya mai turare, ranar talla Juma'a ce. A kiyaye don Allah.

Saude_MMD:
Na jima ina karantawa. Abin da ke ba ni mamaki, maganin da duniya ke yayi a nan jiharmu aka haife shi, mu kuma ƴan birni muna raina shi wai na ƴan ƙauye ne. Mata Masu Dubara, wato asusun ajiya da rance na mata, a jihar Maraɗi aka fara ta a 1991, ƙungiyar agaji ta CARE ce ta kawo tare da wata ƴar ƙasar Norwe, Moira Eknes. Ba kuɗi suka raba ba, tsari suka ɗora a kan adashin da mata suka riga suka sani. Daga nan ya bazu ƙasashen Afirka da dama har ya tsallaka Asiya.

Bambancinsa da adashi: a adashi kina jiran kwasarki, ki kwashe, shi ke nan. A asusu kuwa kowane mako ana zubi, kuɗin suna cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai bukata ta karɓi rance ta juya ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zango a fasa a raba, kowa da ribarta. Akwai kuma ɗan asusun taimako na ciwo da rasuwa. A farko ma ba rubutu ake ba, da ka ake riƙe lissafi, kowace mace ta san nata ta san na ta kusa da ita.

Innata da dala goma ta fara zubi. Amma ba kuɗin ne suka canja ta ba. Matar da ko a gaban ƙannen mijinta ba ta ɗaga murya, sai ga ta tana tsayawa gaban mata talatin tana cewa wance ba ki cika ba, saura kaza. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, cikin matan irin waɗannan ƙungiyoyi aka samu waɗanda suka tsaya har suka ci kansila. Anti Rabi, abin da ke hana ki tambayar kuɗin ɗinkinki, a irin wannan zama ake warkar da shi, don kowane mako sai kin faɗi adadi da bakinki.

Abu_Sumayya:
Wannan "ɗan ƙari" fa? Ku kira shi da sunansa. Riba ce, kuɗin ruwa.

Saude_MMD:
Mun sha wannan muhawara. A tamu da farko kashi 10 cikin 100 ne a wata, wasu na cewa ai mu ke biya mu ke rabawa. Wasu matan hankalinsu bai kwanta ba, sai muka canja. Yanzu ƙungiya ke sayen buhun gyaɗa ko gero da kaka, ta saida wa mai so a kan farashin da aka yi yarjejeniya, ta biya daga baya. Malam na nan, ya gyara min in da gyara.

Malam_Limanci:
Rancen da aka shardanta ƙari a kansa ba na halatta shi, ko da kuɗin ƙungiya zai koma. Na biyun ciniki ne, in kayan sun shiga hannun ƙungiya tukuna kuma an yanke farashi sau ɗaya ba a ƙarawa don jinkiri.

Binta_Jiratawa:
Duk kuna maganar kuɗi, ni ƙasa ce ciwona. Kakata tana da gamanarta, ta yi aikin gandu ta kuma yi nata, abin da ta noma nata ne. Zuwa lokacin innata gonaki sun tsuke, mutane sun yi yawa, aka fara cewa ai mace darajarta ta zauna gida. Kulle ya zo daidai lokacin da ba a da gonar da za a ba ta. Ku yi tunani a kai.

Da babanmu ya rasu, yayyena suka ce a bar gona a haɗe, za su riƙa aiko mana da hatsi. Shekarar farko buhu, daga baya tiya kaɗan, daga baya gaisuwa. Na san aya ta 7 a Nisa'i ta ba ni rabo, kaɗan ne ko mai yawa. Amma an raine ni a kan cewa ƴar kirki ba ta jayayya da ƴan uwanta maza, don ranar da aure ya ƙi, gidansu za ki koma. Ƙanwata ce ta yi ta maza, ta kai magana gaban mai gari da liman aka raba, ta je kwamitin filaye na gari, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, aka ba ta takarda da sunanta. An yi shekara ba a gaishe ta. Yanzu an shirya, kuma ita ke da gona. Ni ina da sunan kirki.

Rabi_Tela:
"Ni ina da sunan kirki." Wallahi Binta kin sa ni dariya kin sa ni hawaye.

Mariya_Sabongari:
Ba wadda ta ambaci biki? Nan ne ramin. Ƙawa ta kawo miki jika biyar ranar sunanki, ranar nata sai kin kai goma, in ba haka ba kin zubar da kanki. Ga anko. Ina da littafi guda na wa ya kawo me, na gaje shi a tsarin innata. Wata uku a jere ribar shagona ba ta kwana a shago ba.

Hajiya_Bagalam:
Mariya, kar ki zagi buki. Ranar da maigidana ya rasu, waɗanda na yi shekaru ina kai ma gudummuwa su sunka cika gidan da hatsi da itace da kuɗɗi. Wanda ba ya zuwa na mutane, wa za ya zo nashi? Abin da ya ɓata shi ninki ne da gasa, da ɗaukar hoto a sa a waya. Amma mai mutane ba ta talauci.

Mariya_Sabongari:
Na yarda Hajiya, amma mutanen nan da tsada suke 😅

Maman_Walida:
Na gode muku duka. Bari in dawo da mu, don ni Walida ce damuwata, shekararta 7, daidai abin da Zuwaira ta faɗa. Na lura in an ba ta kuɗi, da gudu take kawo min ta ce Mama ajiye, ko ta raba wa ƙannenta, mu kuma mu yi ta yabo, kai Walida akwai kirki. Yayanta in ya riƙe nasa sai babansu ya ce wannan ɗan kasuwa ne. Ita ana yaba mata sakin hannu, shi ana yaba masa riƙo. Ba na so ta zama marowaciya. Amma ina so ta san ana iya cewa "wannan nawa ne" ba tare da an zama mutuniyar banza ba. Ya kuke yi da naku?

Mushe_Ilya:
Ni malamin firamare ne, ƴaƴana mata uku. Kowace na da asusun gwangwani da ƙaramin littafi. Abin da ta samu ta kasa uku da hannunta: na ajiya, na sadaka, na kashewa. Na kashewar ba na tambaya, ko da shirme ta saya. In na ari kuɗinta na rubuta na sa hannu, ranar albashi in biya a gaban uwarta. Kuma in za ni kasuwa ranar Litinin ko Juma'a nakan tafi da babbar, ita ke tayawa. Ranar farko da ƙyar muryarta ke fita.

Zuwaira_UDDM:
Mushe, wannan biyan bashin a gabanta ya fi komai. Ta ga namiji ya ci bashin mace ya biya.

Ƴar_Tibiri:
Allah ya yawaita mana irinku Mushe. Amma in ta je gidan da ba haka ake ba fa? Sai a ce an sangarta ta, ta cika son abin duniya.

Hajiya_Bagalam:
Maman Walida, ki ba ta ta riƙa, ban hana ba. Amma gwangwani ba ya haihuwa. In sun taru ki kai ta Tibiri ko nan kasuwar bisashe ta zaɓi ƴar akuya da kanta, ta san tata ce, ta ba ta dussa da hannunta. Kuma kayan ɗaki kar ki ce ba za ki tara ba don kin yi boko. Dangin miji ba su karanta littahin Bature ba.

Maman_Walida:
To Hajiya, akuya a gidan haya? Mai gidan ko kaza bai yarda ba.

ƊanGulbi227:
Kun yi ta zagaye, har yanzu ba wadda ta amsa min. Na ji maganar Malam, ciyarwa a kaina take, ban musa ba. Amma kuɗin wutar firjin fa? Ni zan ci gaba da biya, ko a cire a cikin ribar zoɓo?